Ranar da Na Kai wa Jikata Rasuwar Jarumin Fim

A zamaninmu, idan mutum ya riga ka ganin fim ya zo ya faɗa maka yadda ya ƙare, alheri ya yi maka, har godiya kake yi masa. Ban san wannan ya canza ba sai da jikata ta yi Asabar uku a jere ba ta tako gidana ba. Ni kuwa mutum ne mai yawan damuwa tun ina yaro. Nakan kulle ƙofa in kai bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon don in tabbatar. Nakan yi magana da mutum da safe, in wuni ina juya ta a raina ko akwai kalmar da ta ɓata masa. To mai irin wannan hali, a ce jikar da ya fi so ta ɗauke masa ƙafa, kuma shi ne da laifi, sai wanda ya gani. Yanzu da hankalina ya kwanta nake so in rubuta yadda abin ya faru, amma ba zai fahimtu ba sai na koma baya, can garinmu, gidan sinimar da na ji an ce yanzu siminti ake ajiyewa a ciki.

Sinimar garinmu ba ta da rufi. Doguwar katanga ce, da farin bango a gaba, da kujerun katako masu cizon riga. Kawuna yana sayar da rake a bakin ƙofa, ni kuma da na gama firamare ni nake ɗauko masa dami daga gida in zauna ina kankarewa. In mutane sun gama shiga, mai tsaron ƙofa yakan ɗaga mini gira, in sulale in zauna a ƙasa can gaba, inda sai ka ɗaga wuya har ya ƙage. Abin da na fi tunawa ba hotunan ba ne, ƙara ce. Ƙarar injin da ke juya zaren fim kamar keken ɗinki, ƙarar ɓawon gyaɗa a ƙarƙashin ƙafa, fito da ihu in zaren ya tsinke, ana ta yi wa mai injin baƙar magana har ya ɗaura. Ba ma jin Indiyanci, ba ma jin Turanci balle yaren Sin, amma babu wanda ya taɓa fita bai gane ba, domin a kowane layi akwai wanda ya gani jiya, kuma aikinsa ne ya riƙa faɗa. "Ku kwantar da hankalinku, ba zai faɗa ramin ba." "Wannan mai gashin bakin munafuki ne, shi zai ci amanarsa." Idan mugu ya laɓaɓo ta bayan jarumi, sinima gaba ɗaya ke miƙewa tana ihu, "Bayanka! Bayanka!" kamar yana jinmu. Mutumin da ya ga fim sau biyar rububin zama kusa da shi ake yi, har a miƙa masa rake. Yanzu jikata ta ce mini a sinimar Abuja ko tari ka yi sai an juyo an harare ka, ga sanyi kamar asibiti, kowa ya kama bakinsa.

Matan gidanmu ba sa fita, don haka ni ne sinimarsu. Da hantsi, bayan na cika randuna, na share zaure, na kai wa awaki dusa, sai a baza gyaɗa a tabarma a tsakar gida ana ɓara, a ce, "To ɗan rake, buɗe mana." Ina tsaye ina sukuwa a kan dokin da babu shi, ina harba bindiga da baki, in ari ɗankwalin innata in yi rawar 'yar Indiya, mata na faɗuwa don dariya. Taɓarya na sauka a turmi tana bin maganata. In labari ya yi zafi sai ka ji lugude ya tsaya, ba abin da ke motsi sai kaji. A cikinsu akwai gwaggona, yayar mahaifina, wadda ɗanta guda ɗaya ya bi motar goro zuwa kudu, aka daɗe ba wasiƙa ba saƙo. Ita kullum kafin in fara sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Yaron nan na cikin labarin, yana nan da ransa har ƙarshe?" In ce yana nan. Sai ta ce, "To ci gaba," ta gyara zama ta jawo faifanta.

Wata rana aka kawo wani fim da jarumin ya mutu, abin da ba mu saba gani ba. Na ga yadda sinima ta yi tsit, manyan maza na share ido da hula, sai na ce a raina gobe ni ma sai na sa tsakar gidanmu ta yi tsit haka. Da gwaggo ta yi tambayarta, sai na yi dariya na ce, "Gwaggo, ki dai saurara." Ta ɗauka dariyar nan amsa ce. Na ja labarin, na ƙawata shi, na kawo jarumin har ƙofar gidan uwarsa, tana ciki tana jiransa da abinci, sannan na buga ƙafa a ƙasa na ce, "Sai aka harbe shi, ya faɗi matacce!" Faifan gwaggo ya kife, gyaɗa ta watse har bakin rijiya. Ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dai tashi tana dafa bango ta shiga ɗaki, ranar ko ruwa ba ta sha ba. Ɗan nata ya dawo daga baya, da mata har da 'ya'ya, amma gwaggo ba ta ƙara zama jin labarina ba.

Na zaci duka zan sha. Mahaifina ya kira ni zaure bayan la'asar, ya ce in zauna. Sannan ya ce, "Kai, mutuwa ba a jefa wa mutum ita, ko ta wasa ce. Ba ka san abin da ke cikin mai sauraronka ba." Daga nan ya koya mini yadda ake yi, dalla-dalla, kamar mai koya wa yaro ɗinki. Ba ka zuwa da gudu. Ba ka faɗa a tsaye, ba ka faɗa a bakin ƙofa. Ka yi sallama, ka zauna, ka sa shi ya zauna. Ka nemi ruwa, ba don kai ba, don ruwan ya kasance kusa. Ka yi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi gida da gajiya. Sannan ka ce wane ba shi da lafiya. Ka ɗan jira. Ka ce jikin ya yi tsanani. Ka sake jira, har sai shi da bakinsa ya tambaye ka, "Ya rasu ko?" A nan ne kawai za ka amsa. Ya ce in mutum ya tambaya da kansa, zuciyarsa ta riga ta nemi wurin dafawa.

Wannan karatu ya shiga kaina fiye da duk abin da aka koya mini a aji. Da na zo Abuja na samu aikin masinja a wata ma'aikata, ina kai fayil daga ofis zuwa ofis, ba a daɗe ba aka san ni da shi. In saƙo ya zo daga gida cewa mahaifin wani ma'aikaci ya rasu, manyan da suka yi karatu har ƙasar waje sai su rasa ta inda za su fara, oga ya ce, "A kira mini Malam masinja." Haka a unguwarmu ta Dutse Alhaji, Musulmi da Kirista, ni ake aika. Ban taɓa jin daɗin aikin ba, amma ina ganin amana ce. Sai waya ta zo hannun kowa ta karɓe aikin. Yanzu mutum yana tsakiyar cin abinci zai ga hoton ɗan'uwansa da addu'a a ƙasa, wani da ko sanin mamacin bai yi sosai ba ya riga kowa sakawa.

Haka aka yi wa jikata. Ranar da ɗana, mahaifinta, ya rasu a asibiti, na roƙi kowa ya yi shiru har in isa makarantarsu. Ina cikin cunkoson motoci ina maimaita abin da zan faɗa, ashe wani daga cikin dangi ya riga ya saka a waya. Na iske ta kwance a ƙasa, ƙawayenta na yi mata fifita. Ni da na kai wa bare saƙo a hankali ba adadi, tawa jikar ban samu na kai mata ba. Tun daga lokacin ta ɗauki al'adar zuwa wurinmu duk Asabar daga Mararaba, inda suke zaune da mahaifiyarta. Tun daga ƙofa za ka ji ta tana cewa, "Ina tsohon mijin nan nawa, ko har yanzu ana neman haƙoran ne?" Ni kuma in ce ga amaryar da ba ta iya tuƙa tuwo ba ta iso. Kakarta ta zubo mata dambu, ita kuma ta jingina wayarta da kwanon sha, ta ce sai na kalla tare da ita.

Finafinan nata ba irin namu ba ne. Namu jarumi mutum ne kamar kowa, sai dai ƙarfin zuciya da iya naushi. Nata kuwa wani yana tashi sama, wata tana ratsa bango kamar hayaƙi, duk sun rufe fuska sun sa matsattsun kaya. Da farko na damu ƙwarai, har na tambayi limaminmu ko kallon irin wannan ba ya taɓa imani. Ya ce in dai an san wasa ne, in bar yarinya ta huta. A cikinsu akwai wanda ta fi so, wani siririn saurayi wanda in ya riƙe numfashinsa komai na duniya sai ya tsaya cak, mota da harsashi da ruwan sama, shi kaɗai ke motsi yana janye mutane daga haɗari har numfashin ya ƙare masa. Ni "mai riƙe numfashi" nake ce masa, don sunan ya fi ƙarfin harshena. Tare da mahaifinta suka fara kallonsa tana ƙarama, hotonsa ne ma a bayan wayarta. Kuma musu a kansa ba ya ƙarewa, ita da ƙawayenta da mutanen da ba ta taɓa gani ba a waya: wa zai iya kayar da wa, ko mai dogon zango na talabijin ya fi na sinima, ko ɗan wasan da suka sa yanzu ya kai na da. Mu ma mun yi irinsa a gindin rake, ko ɗan Indiya zai iya da ɗan Sin in aka haɗa su, amma namu da an tashi ya ƙare. Nasu wuni yake, ya kwana, a tashi da shi.

Sabon fim ɗin jarumin ya fito wata Juma'a, bayan ta yi wata da watanni tana ɗokinsa. Ita da ƙawayenta sun shirya zuwa ranar Lahadi. Da yammacin Juma'ar ina zaune a ƙofar gida sai ga maƙwabcina, wani bakanike mutumin Filato da ke aiki a Apo, shi da abokin aikinsa sun dawo daga kallo suna musu kamar za su daku.

"Lafiya dai?" na ce.

"Ina lafiya, Baba!" in ji maƙwabcina. "Mutanen nan sun kashe shi fa. Wancan mai numfashi. Ya riƙe, ya riƙe, har ya kwashe mutanen jirgin ƙasa duka, shi kuma bai sake shaƙa ba. Ni dai sun cuce ni."

"Ba cuta," in ji abokin. "Haka ya kamata namiji ya ƙare. Kai so kake ya tsufa yana tari?"

"Kai ka yi shiru, kai da ko kukan inji ba ka iya saurara ba balle fim!"

Suka shige suna yi. Ni kuwa gabana ya faɗi. Ba jarumin nake ji ba. Yarinyar nake hangowa a cikin duhun sinima, cikin baƙi, ba ruwa kusa, ba wanda ya shirya ta, a jefa mata mutuwar wanda suka saba kallo da ubanta. Na gaya wa matata, ta ce, "Malam, fim ne fa. Ka bar yara da abinsu." Na ce ai na gwaggo ma fim ne. Na ƙudurta a raina cewa wannan karon zan riga kowa isa.

Da safe jikata ta shigo da tsokanarta kamar kullum, ban amsa ba. Na riga na shimfiɗa tabarma a falo. Na ce, "Zo ki zauna nan." Na ce wa kakarta ta kawo ruwa, ta harare ni amma ta kawo. Na tambayi yarinyar hanya, na tambaye ta karatu, na tambaye ta gajiya, murya ƙasa-ƙasa yadda na saba. Abin da bai zo mini ba, duk da yawan tunanina, shi ne yarinyar nan ta tashi tana ganin ana aika ni. Ta san wannan zama, ta san wannan ruwa. Ina cewa, "Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa miki," sai na ga jakarta ta zame daga kafaɗa.

"Mama ce?" ta ce. "Kaka, Mama ce? Yanzu fa na baro ta!"

Ta fizgo waya ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ni kuma na rikice, maimakon in ce kowa lafiya, sai bakina ya bi hanyar da ya saba.

"A'a, ba ita ba ce. Yaron nan ne naki, mai riƙe numfashi. Jikin nasa ne ya yi tsanani."

Ta tsaya tana kallona, waya a kunne. Can mahaifiyarta ta ɗauka, muna jin muryarta tana cewa wanki take, me ya faru. Jikata ta ce ba komai, ta sauke wayar.

"Wane yaro?"

"Na fim ɗin. An ce ya kwashe mutanen jirgi, shi kuma..." Na yi shiru ina jiran ta tambaya.

Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Mutuwa ya yi a fim ɗin da zan kalla gobe. Shi ne ka zaunar da ni." Hawaye na zuba amma muryarta a bushe. "Ka tsinka mini zuciya, sannan ka ɓata mini fim. Duka biyu, Kaka, a zama ɗaya."

Ta ɗauki jakarta. Kakarta ta bi ta har ƙofa da kwanon dambu tana kira, ba ta juyo ba.

Asabar ta farko na ce fushi ne, zai wuce. Ta biyu na zauna a ƙofar gida tun hantsi, duk adaidaitar da ta tsaya sai na miƙe. Na kira ta a waya, ta ɗauka, ta yi mini gaisuwar da ake yi wa baƙo, ta ce karatu ne ya yi yawa. Na gaya wa maƙwabcina, ya dafe kai ya ce, "Baba, ka faɗa wa yarinyar ƙarshe? Kai! A wurinmu ko maƙiyinka ba ka yi masa haka. Akwai wani a garejinmu da ya yi, sati guda ba wanda ya ci abinci da shi." Ya ce abin har suna gare shi da Turanci, ya faɗa sau uku ban riƙe ba. Na ce to ai kai ma ka faɗa mini. Ya ce, "Kai ai ba ka ciki, Baba." A nan na fara ganewa. Mu muna son mu san ƙarshe don mu zauna lafiya mu ji daɗin hanya, su kuwa faɗuwar gaban ita suke zuwa nema, ni kuma na je na ɗauke mata ita ina ganin taimako na yi. Na koma wurin liman kan batun tsoratar da mutum, ya ce tunda ba da niyya ba ne in yi istigfari in nemi yafiyarta. Istigfari kam na yi. Abin da ke ci na shi ne ita kaɗai ce ɗana ya bar mini. In ta saba da rashin zuwa shi ke nan, Asabar ɗinta za ta cika da wani abin, yaran yanzu ba sa rasa abin yi. A Asabar ta uku matata ta gaji da safa da marwar da nake yi mata a tsakar gida, ta ce, "Amaryarka yaji ta yi. Ka sa hula ka je biko, ka bar ni in ji da tukunyata."

Washegari na sayi kilishi na hau mota zuwa Mararaba. Tun da nake ban taɓa jin kaka ya je ba jika haƙuri ba. A gidanmu ko kai ke da gaskiya, in dai kai ne ƙarami, kai za ka durƙusa. Amma na tafi, ina haɗa kalmomi a hanya ina warwarewa. Mahaifiyarta ta tare ni a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, suna falo ita da ƙawayenta. Tun ɗazu abu ɗaya ake yi." Daga nan ma ina jin muryoyinsu.

"Zai dawo! A irin finafinan nan wa ya taɓa mutuwa ya zauna? Ba a nuna an binne shi ba fa."

"In suka dawo da shi na daina kallo. Sun sa mu kuka a banza ke nan."

"Ke dai so kike ki ga an mutu, muguwa."

Na yi sallama na shiga. Ƙawayen biyu suka gaishe ni, ɗaya mai tabarau tana danne dariya, na gane labarina ya riga ni zuwa. Jikata ta gaishe ni tana kallon ƙasa. Na ajiye kilishin a tebur, duk abin da na haddace ya gudu. Mai tabarau ce ta cece ni, ta ce, "Kaka, kai za ka raba mana. Daidai ne da suka kashe shi ko ba daidai ba?"

Na ce ban gani ba, kuma ba na shaida a kan abin da ban gani ba. Amma akwai abin da ke damuna tun ranar da na ji. Na ce, "Yaron nan yana da uwa, na sha ganinta a wayar. Wa ya je ya gaya mata?"

Suka kalli juna. Ɗaya ƙawar ta ce, "Mai ratsa bango ce ta je. Wurin ya yi kyau sosai, ga wani kiɗa mai taushi."

"Bai yi kyau ba," in ji jikata. Karon farko ke nan da ta ɗago kai. "Ta bango ta shigo wa tsohuwa, ko sallama babu. Matar na tsaye da faranti a hannu ta faɗa mata. A tsaye! Ko ta ce mata zauna. Tun a sinima na gaya muku wurin nan shirme ne, wanda ya rubuta shi bai taɓa kai wa kowa rasuwa ba."

"To gwana, ya za ta yi?" in ji mai tabarau.

"Ku tambaye shi," in ji jikata, ta nuna ni da haɓa. "Sana'arsa ce. Har rasuwar wanda ba a taɓa haifa ba yana kaiwa."

Dariya ta ƙwace wa ƙawayen, ita ma ta kasa riƙewa, ta jawo ledar kilishin ta buɗe. Ni dai ban san lokacin da na nemi kujera na zauna ba.

Da ƙawayen suka tafi na ba ta haƙuri yadda ya kamata. Ta ce na fim ɗin ta yafe tun a sinima, don duk da ta sani sai da ta yi kuka. Abin da ya hana ta zuwa shi ne da ta tuna tabarmar nan sai gabanta ya faɗi. Ta ce, "Daga yau in rasuwar fim ce, ka riƙe abinka. In ta gaske ce kuma..." Ta murza ledar kilishi. Sannan ta ce, "Ranar da Baba ya rasu, da ka riga wayar isowa, me za ka ce mini?"

Na ce, "Kina so ki ji?" Ta ce tana so. Ta tashi da kanta ta ɗebo ruwa a kofi ta ajiye tsakaninmu, ta zauna a ƙasa, ni ma na sauko. Na yi mata sallama, ta amsa. Na tambaye ta karatu da gajiya, ta ce lafiya lau. Na ce mahaifinki ba shi da lafiya, an kai shi asibiti. Na jira. Na ce jikin ya yi tsanani, muna tare da shi, hannunsa na cikin nawa, yana ta ambaton Allah, ya kuma ambace ki, ya ce kada a tayar miki da hankali kina jarrabawa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ban taɓa samun wurin faɗa mata ba. Na sake jira. Mahaifiyarta na tsaye a ƙofar kicin, ta rufe baki da mayafi.

"Ya rasu ko, Kaka?"

"Ya rasu."

Ta yi kuka, ni ma na yi, amma ba irin na ranar makaranta ba. Wannan mai fita ne, ba mai shaƙewa ba. Ta sha ruwan, ta miƙo mini sauran.

Ita ta raka ni har inda ake hawa mota, tana ba ni labarin fim ɗin tun daga farko, tunda a cewarta ni ba sauran abin da za a ɓata mini. Tana tafe tana tsayawa, ta kumbura kumatu ta nuna mini yadda jirgin ya daskare, har 'yan acaɓa na kallonmu. Da zan shiga mota ta ce, "Ka ce wa tsohuwa ranar Asabar dambun ya ji zogale. Kuma a naɗe tabarmar nan, a kujera zan zauna."

Mota na tashi wasu samari biyu a bayana suka fara, wai an sako kashi na ƙarshe na wani mai dogon zango, wai ka san wanda ya ci amanarsu kuwa? Na ja hulata na rufe kunnuwa, na kama salati da ɗan ƙarfi, har kwandasta ya juyo yana tambaya ko Baba lafiya. Na ce masa lafiya ƙalau, rabon da in ji lafiya irin ta yau an daɗe.